Tana Ba Ta San Iyakar Gona Ba

Tun da maganata da ɗan wana Nafi'u ta kai gaban mai unguwa ban sake samun sakat ba. In na shiga kasuwar Ɗambatta sai an nuna ni da baki, wai ga tsohon da ya sace tana. Ku kuma samarin da kuka yi bitar kwana uku a Kano, kuka dawo da takardar shaida da hula mai tambari, cewa kuke rowa ce ta hana ni sayar muku da bokiti ɗaya na irin tana. To, ku gyara zama. Sunana Iro, shekarata arba'in da 'yan kai ina haɗa taki ina sayar wa masu lambu. Abin da kuke gani kamar wasa, wai a zuba shara a duro a jefa tana a zauna jiran kuɗi, shi ya cinye min ƙuruciya ya kuma tanƙwara min baya. Zan faɗa muku yadda abin yake, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Sana'ar nan tawa duk a kan rami ɗaya take tsaye, muna ce masa uwar rami. Yana gindin wani gawo a kusurwar gonar gidanmu, zurfinsa iya gwiwa, tsawonsa taku huɗu. A cikinsa jar tana take, 'yar siririya, wadda ba ta da aiki sai cin ruɓaɓɓen taki ta kasayar da shi baƙi wuluk. Daban take da farar tanar fadama, wadda in ka saka ta a rami sai ta nutse ƙasa ta bar ka da hamma. Da damina da kaka nakan ɗebi iri daga uwar rami in raba a ramukan aiki uku. In bazara ta shigo ramukan aiki sukan bushe ƙaf, a kwashe su, iri duka ya koma uwar rami. Gawo shi ne itacen da yake riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, don haka lokacin da tana take neman inuwa yana ba ta, lokacin da take neman ganye yana zubo mata. In uwar rami ta mutu, ni da sana'ata mun tashi.

Aikin farko da Baba Tanko ya ba ni ɗaukar ruwa ne. Baba Tanko maƙwabcinmu ne da babanmu ya ara wa wannan kusurwa, kuma shi ya haƙa uwar rami tun ba a haife ni ba. Garwa biyu da safe, garwa biyu da la'asar, daga rijiyar bakin fadama. Ba a kwarara ruwan, da tafin hannu ake yayyafa shi. Shekara guda cur ina wannan, bai bar ni na taɓa tana ko ɗaya ba. In na gama sai ya damƙi takin ya matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa fiye da ɗigo biyu, na cika. In ya buɗe hannu dunƙulen ya watse, na rage. Ko wanne ne sai na sha ranƙwashi, ga ni gemu ya fara tsiro min.

Kayan aikinmu ba su da yawa: fartanya, manjagara, kwando, rariyar waya, jaki da mangalarsa, sai wata sandar ƙirya da ake sokawa cikin tsibin taki, a bar ta ta ɗan jima, a zaro a kara a kumatu. In ta yi maka zafi takin bai huce ba, tana ta shiga dahuwa za ta yi. Shebur kuwa iyakarsa bakin uwar rami. Ciki da hannu ake shiga, hannu tsura, domin shi yake jin zafi da danshi kuma ba ya yanka. Na ga kun zo da safar hannu ta roba har gwiwar hannu. Ku adana ta sai ranar yasar masai.

Abin da ba a gaya muku a bita ba, ko aka gaya muku kuna danna waya, shi ne tana abin da ta ci shi take ba ƙasa. Shi ya sa ramukan aikina uku ne. Ramin masu albasa kashin shanu nake ba shi, wanda ya yi wata biyu a tsibi ana juya shi, in haɗa da ganyen gawo. Abin da yake fitowa a nan ƙwaya-ƙwaya ne kamar tsakin dambu. Fangalin da aka zuba masa yana shan ruwa ba ya yin ɓawo a sama, albasa ta samu wurin buɗa kai. Ramin masu barkono da alayyafo kashin awaki yake ci, wanda aka jiƙa ya farfashe, da ragowar harawar wake da dabbobi suka tattake. Wannan ganye yake sa wa kore shar, amma ka kuskura ka zuba wa albasa, za ka ga ganye har ƙugu, kai kuwa kamar goriba, kuma ba za ta yi wata biyu a rumbu ba ta fara ruɓewa. Rami na uku na masu jigawa ne. Ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da ɗan kashin jaki nake zuba masa. Tana ba ta sauri a kansa, takin ma ba shi da nauyi, amma yana riƙe wa rairayi ruwa, gero ya jure fashin ruwa na kwana goma. Tanar ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, taki kuwa uku ne.

Nafi'u ya taɓa karanto min daga littafin bitarsu cewa a cikin tana akwai wasu sinadarai masu sunan Turanci, su ne suke kwance abincin da yake ɗaure a cikin taki har saiwa ta iya sha, kuma wai ƙarfinsu yana bin abin da ta ci. Na ce masa madalla, Baba Tanko yawun tana yake ce musu, kuma bai taɓa shiga aji ba. Ban raina littafin ba, gaskiya ya faɗa. Sai dai littafi ba shi da hanci, ba zai shinshina maka kwandon da aka kawo ya ce kada ka zuba ba. Akwai abubuwan da tana ba ta shiri da su ko kusa: ɗanyen kashin kaji, toka in ta yi yawa, ganyen darbejiya da na bishiyar turare, gishiri, ruwan wanki mai sabulu, leda da mataccen batir. Waɗannan sanannu ne. Wanda yake kashe mutum shi ne wanda ido ba ya gani.

Saboda wannan Baba Tanko yake da al'ada biyu da ba ya sakewa. Ta farko gwajin ƙoƙo. Duk taki baƙo, ko daga gidan liman ya fito, sai an ɗebi tafi ɗaya an zuba a gefen wani tsohon ƙoƙo, a zuba ƙasar uwar rami a ɗaya gefen da tana goma, a rufe da faifai a bari kwana uku. In sun shiga baƙon abinci, bismillah. In sun dunƙule a gefensu ko sun hau bakin ƙoƙo, a kai takin can nesa a zubar. Ta biyu yana kiranta ajiya. Duk farkon damina sai ya cika ƙoƙon nan da iri, ya kai wani gida a cikin gari, ya roƙi matan gidan su bar shi ya binne a gindin randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Yakan ce iri ba ya kwana gida ɗaya. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai da son gaishe-gaishe.

Masu sayen kayana iri-iri ne. Akwai wanda zai zo da jakinsa ya ce a cika, ya kama hanya. Akwai wanda zai tsaya yana taya mangalar taki kamar yana taya akuya. Amma duk cikinsu ba wanda ya kai Inna Yalwa wuyar sha'ani. Tsohuwa ce mai rainon irin albasa a bayan gidanta, kuma rabin masu lambun garinmu a wurinta suke sayen dashe. Mangala biyu kacal take saya a shekara, amma sai ta sa an zazzage a gabanta, ta tsuguna ta cusa hannu, ta murza, ta kai hanci. In ta ga ɗan guntun leda ko ɗaya sai ta ɗaga shi sama ta yi ta juya shi, har sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige.

Baba Tanko ya rasu, Allah ya jiƙansa, uwar rami ta dawo hannuna. Cikin shekara biyar na zama Iro Mai Taki, jakina biyu, ana zuwa nemana har daga wajen Shanono. Kaina ya fara girma. Ajiya ita na fara yarwa, na ce ba ni da lokacin bin gidajen mutane ina roƙon gindin randa.

Shekarar da na yi ɓarna, kaka ce mai albarka, kowa yana son yin albasa, masu nema sun fi ƙarfin ramukana. Sai wani Alhaji mai kiwon turka a bakin gari ya aiko cewa shanunsa sun tafi kasuwa, in zo in kwashe masa garke kyauta. Amalanke tara na kwasa. Taki baƙi, mai nauyi, ya sha fitsari. Na soka sanda na ji da ɗan ɗumi, na ce zai ƙarasa hucewa a rami. Hancina ya jiyo wani wari mai kama da kananzir a ƙarƙashin zarnin, na ce masa ya yi min shiru. Gwajin ƙoƙo kwana uku yake ci, ni kuwa ga masu jakuna tsaye a kaina. Na shimfiɗa shi a ramukan aiki uku, na ga ya ragu, na ce bari uwar rami ma ta ci daɗi. Abin da ya saura na gauraya da tsohon taki sosai yadda ba za a gane ba, na aika wa Inna Yalwa mangala biyu ranar da na san ta tafi suna wani ƙauye, don kada ta tsuguna ta shinshina, jikokinta kuwa suka baza a fangali kafin ta dawo. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka Hausawa suka ce, ni kuwa da hannuna na murɗa mabuɗin.

Abin da ban tambaya ba shi ne a cikin garken nan ake yi wa shanun wankan maganin kaska duk mako, ruwan ya tsiyaye a ƙasa, ga kanwa da gishirin lasa da suke zubewa. Alhaji bai cuce ni ba. Da na tambaya da ya faɗa min.

A rana ta uku da safe na yaye buhun da nake rufe uwar rami da shi. Tana ce manne a jikin buhun, a jikin bangon ramin, duk sun miƙe sun yi fari. Wasu sun fito waje sun nufi saiwar gawo, rana ta riske su a kan rairayi sun bushe, tururuwa tana ja. Na shiga da hannu ina tona har ƙasan ramin, tun hantsi har aka kira azahar, ban samu mai motsi ko ɗaya ba. Ramukan aiki ma haka. Na zauna a bakin ramin na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, don aikin mutumin da ya rene ni na kashe cikin kwana uku. Kafin mako ya zagayo irin albasar Inna Yalwa ya ƙone ƙurmus, fangali shida. Masu lambu suka rasa dashe, wasu suka tafi nema nesa, wasu suka haƙura da albasa a shekarar. Ba wanda ya zage ni a gabana. Jakunan ne kawai suka daina tsayawa a ƙofata.

Na yi ta haƙar fadama ina tsinto farar tana ina zubawa a sabuwar ƙasa, kwana biyu in duba in tarar ba ko ɗaya. Na sayar da jaki ɗaya, ɗayan na koma ɗaukar ƙasar gini da shi. Sai da na yi wata biyu a haka kafin ajiyar Baba Tanko ta faɗo min a rai. Gida shida na iya tunawa. Na bi biyar, na tona gindin randarsu, babu komai sai laka mai warin sabulu, domin tun da tsohon ya rasu ba wanda ya ƙara waiwayar wurin. Gida na shida na Inna Yalwa ne. Mako uku na yi ina zuwa ƙofar gidan ina juyawa.

Ranar da na yi ta maza na yi sallama, na same ta tana ɓarar wake. Na durƙusa na ce, "Inna, na zo neman gafara, na kuma zo roƙo." Ba ta ɗago ba. Ta nuna min gindin randarta da haɓa. Wurin a lulluɓe yake da kowar wake da guntun ganyen rama, na ɗan ɗaga da yatsa, sai ga su jajur suna nutsewa. Ashe duk shekarun nan tana ciyar da su, kuma ta hana kowa wanke hannu da sabulu a wurin.

Ta ce, "Gafara na ba ka tun ranar, Iro, don ba ni da wurin ajiye fushi. Tana kuwa ba tawa ba ce balle in ba ka don kunya, ta Tanko ce. Je ka kawo min abin da za ka ciyar da ita in gani."

Kwando na farko kashin shanu ne daga turken gidanmu. Ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta zaro ta goge a zani, ta ce da zafi, in koma. Na jira wata guda ina juya shi. Kwando na biyu ta baza a faifai ta tsinto ganyen darbejiya guda huɗu, ta jera min su a gabana, ta ce in koma. Na uku na tankaɗe shi da rariya har sau biyu, na tabbata ba abin da za ta samu. Ta kai hanci ta tambaye ni da wane ruwa na jiƙa. Na ce na rijiya. Ta ce a wace garwa. Garwar da matata take jiƙa wanki ce. Na ɗauki kwandona ina jin yaran gidan suna dariya a bayan danga. A na huɗu ta daɗe tana murzawa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo, ta tsuguna ta cika min rabinsa. Rabi, ba ta ƙara ko tsinke ba. Ta ce sauran ajiya ce.

Kafin in zuba su sai da na kwashe uwar rami har ƙasa, na kankare bangonta, na bar ta ta sha ruwan sama sau uku. Shekara biyu na yi kafin rabin ƙoƙon nan ya cika ramin. Mangalar farko da ta fito na kai wa Inna Yalwa, na zazzage a gabanta, ta tsuguna ta shinshina kamar yadda ta saba. Da masu lambu suka ga irinta ya tashi, jakuna suka dawo ƙofata ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar ban ƙara tsallake gwajin ƙoƙo ba, ban kuma taɓa sayar da iri ba. Taki nake sayarwa. Iri ba shi da farashi, wanda ya iya ciyar da shi ake ba.

Ajiya ma na ci gaba da yi, har zamani ya ƙwace min ita. Inna Yalwa ta rasu, jikokinta suka shafe tsakar gida da siminti. Sauran gidaje ma haka, randa ta koma jarka, ruwan wanki yana bin ko'ina. Gidan ƙarshe da nake da ajiya bara aka yi masa daɓen siminti. Ka ga kenan iri ya koma kwana gida ɗaya, abin da Baba Tanko ya hana.

Ana cikin haka Nafi'u ya dawo daga bita. Ya zo ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi da abokansa za su buɗe kamfanin taki, in sayar musu da bokiti ɗaya. Na ce ya je ya kawo min abin da zai ciyar da ita in gani. Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai wannan duk an koya mana." Bai kawo ba. Da bazarar bana wana Habu, mahaifinsa, ya cika, Allah ya gafarta masa. Gonar tun ta babanmu ce ba mu taɓa rabawa ba, sai yanzu. Aka zo da igiya aka auna, aka ba 'ya'yan mamaci zaɓi, Nafi'u ya nuna ɓangaren gawo ko ƙifta ido bai yi ba. Mutane sun ba ni shawara in kwashe ramin kafin ranar rabo. Na ƙi. Ƙasar ta marayu ce, ba zan ɗebi ko tafi ɗaya a ɓoye ba. Aka dasa gamba a kan iyaka, uwar rami ta faɗa can, ni ina nan, kuma irina kaf yana cikinta.

Bai yi mako ba ya kafa allo mai fenti a jikin gawo. Sai ga kura cike da buhunan kashin kaji daga gidan kajin abokinsa, da toka, da garin katako. Wai kashin kaji ya fi ƙarfi, zai sa tana ta yi saurin haihuwa. Na tsaya a kan iyaka, a gaban mutum uku masu huɗa, na gaya masa sau ɗaya cewa in ya zuba wannan ɗanye zai kashe ta. Ya ce zamani ya canja. Na ce to, a gaya wa tana.

Ban tsaya jayayya ba. Na auna taku shida daga gamba zuwa cikin gonata na haƙa sabon rami, na yi masa rumfar zana. Na cika shi da kashin shanu mai wata uku da harawar wake da ta ruɓe. Ba ni da tanar da zan yi gwajin ƙoƙo da ita, don haka na yi gwajin Inna Yalwa, hannu da hanci, da sabuwar garwa. Daga bakin ramin na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar harawa siririya har gindin gamba, ban ƙetare da ko yatsa ba. Da rana tsaka na yi, kowa yana gani. Garwa biyu da safe, garwa biyu da la'asar, ina yayyafi a ramin da ba kowa a ciki, mutane suna wucewa suna cewa Iro ya fara taɓuwa. Ina jiyo zarnin kashin kajin nan daga inda nake, kuma na san abin da yake faruwa a ƙarƙashinsa. Kwanakin nan abinci ba ya min daɗi. Abin da nake roƙo kawai ruwa ya sauko kafin zafin ya kai ƙasan ramin.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba, ya ƙara washegari. Da safe na ɗaga harawar da ke gindin gamba, sai ga su, jajur, sun biyo danshi. Ba duka suka tsira ba. Abin da ya iso ramina bai fi cikin ƙwarya biyu ba, daga ramin da yake cika amalanke. Amma sun iso. Nafi'u kuwa ya tona nasa da shebur ya tarar da wari da tsutsar ƙuda, sai ya wuce gidan mai unguwa.

A bakin iyakar aka yi zaman. Nafi'u ya ce tana tasa ce, a cikin gadonsa take, Baffa ya janye ta da dabara. Mai unguwa ya tambayi masu huɗar nan ko sun taɓa ganin na taka gonar, suka ce a'a, suka kuma faɗi gargaɗin da na yi masa. Ya juyo gare ni ya ce me zan ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan da ranta. A tambaye ta."

Na sa aka kawo ƙwarya. Nafi'u ya zuba abincinsa a gefe ɗaya da hannunsa mai safa, na zuba nawa a ɗaya gefen, aka sa tana goma a tsakiya aka rufe da faifai, muka tafi sallar la'asar. Wannan ba ya buƙatar kwana uku. Da muka dawo mai unguwa da kansa ya ɗaga faifan ya tona da tsinke. Tara suna cikin nawa, ɗaya ta hau bakin ƙwarya tana neman hanyar gudu. Mai unguwa ya ce shi dai ya saba shari'ar akuya, in ta shiga gonar wani a mayar wa mai ita, amma wannan in an mayar ko ta dawo ko ta mutu. Ya yanke cewa rami na Nafi'u ne, gawo na Nafi'u ne, tana kuwa ta wanda ta zaɓa ce.

Kada ku ɗauka na yi nasara na koma na miƙe ƙafa. Rumfar zana ba gawo ba ce. Damina za ta riƙe min su, kaka ma haka, amma in bazara ta dawo da zafinta ban da tabbacin ramin nan zai kai su. Ni ina da tana babu gawo, shi yana da gawo babu tana. Na san haka, shi ma ya sani. Duk da haka ba zan ɗauki irin Baba Tanko in miƙa wa wanda zai ba shi kashin kaji ba, ko da ɗan cikina ne. Gara in yi ta jidar ruwa har bayana ya ƙarasa karyewa.

Bayan shari'ar da mako biyu na hango shi a cikin uwar rami yana kwasar ƙazantar da ya zuba, shi kaɗai, abokan kamfani ba ko ɗaya. Allon ma ya cire. Na ci gaba da yayyafina. Sai wata safiya ya yi sallama a bakin rumfata da kwando a ka, ya sauke, ya durƙusa ya ce, "Baffa, ga shi a duba." Na cusa hannu na ji zafi, na ce ya koma. Na biyu na tsinto masa leda uku na jera a gabansa. Na uku, shekaranjiya, takin ya huce, ba leda, ba darbejiya, kuma na lura hannunsa ba safa, farcensa duk baƙi. Na kai hanci na tambaye shi da wace garwa ya jiƙa. Ashe shi ma garwar wanki ce, ya ɗauki kwandonsa ya juya.

Jibi zai dawo da na huɗu. Ban gaya masa ba, amma ƙoƙon da Inna Yalwa ta ba ni na riga na sauko da shi daga rataye na wanke, da ruwa zalla. In kwandon ya yi, rabi zan cika masa, ya kai gindin gawo, sauran ajiya ce. In bai yi ba zai koma, ko da bazara tana bakin ƙofa.

Ku kuma masu bokiti a hannu da kuɗi a aljihu, layin yana bayan Nafi'u. Kowa ya zo da kwandonsa.